Hular Gardi da Ruwan Tsari

Na manta shekarun haihuwata, na manta sunayen rabin jikokina (sun yi yawa, kuma iyayensu sai maimaita suna ɗaya suke yi), amma ranar da na kai Barira ɗakin mijinta ba zan taɓa mantawa da ita ba. In na tuna, har yau sai in ji ƙirjina ya ɗauki zafi. Abin haushin kuma shi ne, duk sa'ad da na waiga in nemi wanda zan yi fushi da shi, sai in ga kowa ya zame, saura ni kaɗai tsaye a tsakar rana.

Shekara uku ke nan ko huɗu da tashin Annasara. Sabuwar tuta na kaɗawa a ƙofar kumandan, mai mulkin nan Dakoro, ko'ina ka juya ana cewa ƙasa ta dawo hannun masu ita. Ni kuwa na ɗauki maganar da gaske. Na ce to, daji namu, hanya tamu, inuwa tamu, ba mai sake tsare mu ya ce ina takarda. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ya kai ni.

Barira ɗiyar yayana Mamman ce, mai fataucin hatsi tsakanin Dakoro da Maraɗi. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, a bayana ta girma. Da ta isa aure ta ga wani Idi a kasuwa, ya kawo raguna daga wani ƙauye can arewa, wajen Azagor, shi ma ya gan ta, magana ta kai ga manya, aka ɗaura. Sai Yaya ya kira ni zaure ya ce ni ce arwanka. Ni zan yi mata wanka, ni zan sa mata lalle, ni zan kama hannunta in sa ta ɗakinta. Ban taɓa yi ba, amma na daɗe ina so.

Ya ce, "Abu biyu nike roƙonki. Na ɗaya, ki kai ta kahin shanu su shigo. Na biyu, ki bar bakinki nan gida, in kin dawo ki ɗauka."

Na ce, "Yaya, bakina mi ya yi maka?"

Ya ce, "Ni bai yi mini komi ba. Tambayi mai awon gero na kasuwa."

(Mai awon nan yana danne tiya da babban yatsa, kowa ya gani, ni kaɗai na faɗa. Wannan wata magana ce daban.)

Batun shanu kuwa, ga yadda yake. Dangin Idi Hausawa ne, amma sun daɗe cikin makiyaya har sun ɗauki wata al'ada. A gidansu amarya tana shiga ne kafin garke ya dawo daga kiwo, don ta zauna a ɗakinta a kawo mata ƙwaryar farko ta nonon yamma. In shanu suka riga ta shiga, ba ta shiga ranar. Sai ta kwana gidan maƙwabta kamar baƙuwar da dare ya yi wa, kuma har ta tsufa za a riƙa cewa danginta sun ja ƙafa, ba su so auren ba. Na dafa ƙirji na ce wa Yaya, in shanu suka riga Barira, kada ya sake kira na ƙanwa tasa.

To, akwai abu guda da ya tsaya mini a rai, shi ne taubasan ango. Kun san yadda ake yi. Ranar kai amarya sai ƴaƴan gwaggonni da ƴaƴan kawunnan ango su fito su tare hanya, su gitta igiya ko sanda, su ce ba a wucewa sai an fanshi hanya. Mata su zage su, su rama, a yi dariya, a ba su ɗan goro a wuce. Dangin amarya kuma suna da izinin yi masu duk wulakancin da suka ga dama, a watsa masu ruwa, a fizge masu hula, ba mai fushi. Sai dai taubasan gidan su Idi sun wuce misali. Shekarar da ta gabata wata arwanka daga Sabon Maci ta kai masu amarya, sai babbansu, wani Tanko, ya sa tsohuwar rigar soja, ya murtuke fuska ya ce shi gardin gwamnati ne. Har direban motar sun saye shi da goro, ya riƙa cewa, "Iya, hukuma ce, a yi haƙuri." Matar nan ta durƙusa ta miƙa masu ƙwaryar goron gidan ango gaba ɗaya. Labari ya zaga har Maraɗi. Na ji da kunnena mata suna kwaikwayon durƙusonta a bakin rijiya.

Na ce ni ba za a yi da ni ba. Kwana uku kafin tafiya na sa aka tara mini ruwan tsari, wato ruwan da aka wanke surfen gero, na zuba a babbar gora na toshe na ajiye a rana. Ran tafiya da na buɗe, kajin gida sai da suka ja baya. Na ce madalla.

Muka tashi da hantsi cikin kamiyon, wato babbar motar kaya, ta wani direba da ake kira Ɗan Ladi. Kaka ce, an gama yankan gero, ciyawa ta bushe ta yi fari fat. Mata cike da bayan mota, ga gado, ga ƙore, ga tasoshi, ga tabarmi, ga amarya a tsakiya lulluɓe tana kukan da ake yi. Ni ina gaba kusa da direba, ƙwaryar goro a cinya, gorar tsari a tsakanin ƙafafu. Ɗan Ladi sai toshe hanci yake yana cewa, "Gwaggo, wani abu ya mutu cikin motag ga." Na ce ya kalli hanya.

Ana nan, ana nan, muka bar gonaki muka shiga rairayi. Tuddai suka fara tasowa, mota ta hau tana nishi, ta gangara tana kuka. Rana ta take tsaka. Sai hancin mota ya fara tururi kamar tukunyar dambu. Ɗan Ladi ya ce dole a tsaya a ba ta ruwa, kuma ba ruwa ba inuwa sai can gaba a bakin gandun dajin gwamnati, inda akwai rijiya da manyan itatuwan aduwa. Na ce to, mata ma su yi azahar.

Muna karyo kwana sai ga shi. Doguwar sanda gicciye a hanya bisa ƴan gwafanni biyu. Gefe ƴar bukka. Gaban sanda wani mutum tsaye, siriri, baƙi, mai furfura a gemu, rigar kaki ta koɗe, hula a kai, ɗan littafi a hannu.

Zuciyata ta ce, ga su nan.

Ɗan Ladi ya kashe mota ya ce, "Gwaggo, bari in sauka in gama da shi. Gardin daji ne."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Goro nawa suka ba ka?"

"Su wa?"

"Kai ma hukuma ce za ka ce, a yi haƙuri, ko? Zauna nan. Ka motsa in juye maka abin da ya mutu."

Na sauko da gorata. Mutumin ya matso ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce, "Sannunku da hanya, Inna. Amarya aka ɗauko? Allah ya sa albarka. In za ku tsaya nan, akwai kuɗin tsayuwar mota. Dala goma ne, in ba ku tike."

Na ce, "Kuɗin mi?"

"Na tsayuwa."

"Mota in ta yi tahiya a biya, in ta tsaya ma a biya?"

"Haka dokar take, Inna."

"To jaki hwa? In jakina ya tsaya ya yi tunani, nawa ne?"

Mata a bayan mota suka tuntsure. Shi ko bai yi dariya ba. Na ce a raina, kai, Tankon nan gwani ne, dubi yadda ya riƙe fuska. Na ce, "To kuɗin wa za a kai ma?"

Ya ce, "Na dajin ne. Da shi ake yi wa namun dawa aiki. Barewa, jimina, da sauransu."

Jama'a, ku yi mini adalci. Mutum ya tsare ki a tsakar daji ya ce ki biya mota kuɗin tsayuwa don barewa. Wace gwamnati ce za ta zauna, da kujeru da alƙaluma, ta ƙirƙiro wannan? Ai nan take sauran shakkar da ke raina ta tafi. Na ce wannan ƙarya ce irin ta taubasai, ta zauna daram, har da gishiri.

Na ce, "Barewar ce ta aiko ka? Ina aljihunta? Jimina ta buɗe kanti ne a Maraɗi? Kai Tanko, kai Tanko! Ka ɗauka kowa ƴar Sabon Maci ce?"

Ya ce, "Inna, ni ba sunana Tanko ba."

"Ai na sani. Yau kai kumandan ne."

Ɗan Ladi na ta ihu daga mota, "Gwaggo, don girman Allah!" Ban ko waiga ba. Na miƙa hannu na fizge hular mutumin nan. Na cire marfin gora. Na ɗaga ta da hannu biyu na juye mashi tun daga tsakar kai. Ruwan tsarin kwana uku ya bi gemu, ya bi wuya, ya shige cikin kaki. Littafin ya faɗi, na ɗauka, na tsiyaye sauran tsarin a wata ƙwarya na tsoma shi ciki, na danna da yatsa don ya sha sosai. Na ce, "Ga tiken barewa nan, ta zo ta karɓa."

Mata suka rangaɗa guɗa. Wata ta kifa tasa ta fara kiɗa. Ni kuwa (Allah ya yafe mini, da ƴaƴa biyar a lokacin) na ɗora hular bisa ɗankwalina, na kama ƙugu, na shiga takawa ina zagaya shi. Ina taka rawa ina sara mashi irin ta soja. Shi yana tsaye ƙyam, tsari na ɗiga daga gemunshi, ƙudaje sun fara zuwa gaisuwa. Bai ɗaga hannu ba, bai ɗaga murya ba. Har na fara jin haushin ya ƙi yin dariya, don a wasan taubasai in an kai nan sai a fashe a rungume juna.

Ina cikin zagaye na uku sai na ji kiɗan tasa ya tsaya.

Na waiga. Daga bayan tudu ga mutum uku tafe bisa jakuna. Na gaba ya sa wata tsohuwar rigar soja da ta fi ƙarfinshi, ya rataya marafan gwangwani a ƙirji a matsayin lambobin yabo, igiyar kaba naɗe a kafaɗa. Suna tafe suna dariya. Da suka matso suka ga abin da ke nan, dariyar ta mutu. Suka diro. Mai rigar sojan ya tuɓe ta da sauri ya cusa ƙarƙashin akumari. Su ukun suka cire takalma, suka durƙusa gaban mutumin da na jiƙa.

"Ranka ya daɗe, Shef. Sannu da aiki, Shef. Lahiya dai, Shef?"

Ya ce, "Lahiya lau, Tanko."

Ban san ko kun taɓa jin shiru irin wanda har tafasar ruwan mota ake ji ba. Ni na ji. Ina tsaye, ƙafa ɗaya a sama ban gama sauke ta ba, hular gwamnati a kaina. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na dubi matan da suka yi mini guɗa, kowace ta sami abin dubawa cikin zaninta. Mai kiɗan tasa har ta zauna a kan tasar. Munafukai! Yanzun nan fa muke tare.

Gardin ya share fuska da tafin hannu ya ce, "Inna, kin gama?"

Na ce, "Na gama."

"To a ba ni hulata."

Na cire da hannu biyu na miƙa. Na durƙusa. Wallahi durƙuson ƴar Sabon Maci wasa ne a kan nawa, ita ko ba komai ba ta yi rawa ba tukuna.

Ɗan Ladi ya sauko yana kuka da hawaye, yana cewa za a karɓe mashi takardun mota, za a kai mu gidan kaso mu duka har amarya. Tanko ya matso ya raɗa mini cewa mutumin nan tsohon soja ne, ya yi yaƙin Annasara a ƙasashen da ba mu san sunansu ba, kuma duk yankin ba wanda ake jin nauyi kamarsa. Na ce, "To kai ina ka tsaya? Da ka zo kan lokaci ai kai zan jiƙa!" Ya ce jakinsa ne ya ƙi tafiya. Kun ji fa. Jakin wani ya yi taurin kai, ni na ɗauki kunya.

Gardin ya tsamo littafinsa daga ƙwarya, ya ɗaga, yana zuba. Ya ce, "Zancen jikina na yahe, ruwa ne, na ga abin da ya hi shi. Amma wanga littahi ba nawa ba ne. Kowane ganye na cikinshi sai na ba da bayaninshi a Dakoro. Motarku ta tsaya, dole in rubuta maku tike, kuma alƙalami ba ya kama jiƙaƙƙar takarda. Sai ya bushe za ku tahi."

Na kwance bakin zani na ce ya karɓi ninki biyu, ninki uku, ya bar mu mu wuce. Ya dube ni wani irin kallo da ya fi mari. Ya ce, "Inna, kin zuba mini tsari na yi shiru. Kada ki ƙara mini da wanga."

Na mayar da kuɗina na ɗaure.

Sai ga ni zaune a kan rairayi mai zafi, ina ɓamɓare ganyen littafi ɗaya bayan ɗaya da farce, a hankali kada ya yage, ina shimfiɗawa a kan tabarmar amarya, ina danne kowane da tsakuwa, ina fifita da faifai. Arwanka guda, ƴar gidan fatake. Da na gama shimfiɗawa na ja ruwa a rijiya na wanke hular da sabulun amarya, na rataye a ƙaya. Ba wadda ta taya ni sai da na daka masu tsawa. Ido ɗaya a kan takarda, ido ɗaya a kan rana. Ina roƙonta ta yi zafi, ina roƙonta kada ta gangara. Ita kuwa tana ta tafiyarta, ba ruwanta.

Gardin ya yi wanka bayan bukka, ya sa wata riga, ya yi salla, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan. Ni ban tambaye shi komai ba, shi ya fara. Ya nuna mini wani tudu can gabas, baƙi ƙirin, itatuwa tsaye kamar gawayi. Ya ce bara wata mota ta tsaya can, suka dafa shayi, suka tafi suka bar garwashi. Wuta ta ci kwana biyu tana ci. Ya ce ya tsinci ƴaƴan barewa a ƙone, da ƙwan jimina sun fashe a gurbi, kuma makiyayan da ke kewaye sun rasa ciyawar rani. Tun daga nan aka ce mota ba ta tsayawa sai wuri ɗaya, inda ido ke kanta. Ya nuna mini wata faffaɗar hanya da aka share ƙal, ba ciyawa ko ɗaya, ta miƙe ta haye tudu. Ya ce wannan ba ta mota ba ce, ta tsare wuta ce, kuma da kuɗin tsayuwar nan ake sallamar masu share ta, da masu yashe rijiya, da gyaran kwamin da namun dawa ke sha.

Na ce, "To Allah da ya halicce su ba ya ba su ruwa?"

Ya ce, "Yana ba su. Shi ne ya aiko ki da dala goma."

Duk da haka ban huce ba. Can kuma sai ga wasu barewa uku sun leƙo daga kan tudu, sun tsaya suna kallonmu da kunnuwa a miƙe. Mata na ta cewa kai, dubi kyau, dubi ido. Ni dai na harare su. Na ce ku ne iyayen gidan, ko? Ku ne masu tike. Ko godiya babu.

La'asar ta yi. Takardun sun bushe a gefe, tsakiya da saura. Sai na ji motsi a bayana. Barira ce ta sauko daga mota, abin da amarya ba ta yi. Ta tsuguna kusa da ni, ta ɗan ɗaga mayafi. Wannan karon kukan na gaske ne. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini gori ba. Ta ce, "Gwaggo, shanu."

Kalma biyu. Da ta ɗauki muciya ta buga mini da ya fi sauƙi. Yarinyar da na goya, ranar da ta fi kowace rana a wurinta, ni da hannuna na zaunar da ita a daji don in nuna wa matan bakin rijiya ni ba a yi mini wayo.

Tanko na jin mu. Ya matso yana sosa ƙeya, ya ce, "Gwaggo, akwai dabara. Ta cikin tuddai akwai ƴar hanyar jaki, ta hi ta mota kusa. In na tahi yanzu zan iske garke a bakin rijiyar garinmu, in tsare su can har ku shiga."

Na ce, "To tahi mana, mi kake jira?"

Ya dubi ƙwaryar goro. Ya dube ni. Ya sake duban ƙwaryar goro.

Na ce, "Tanko, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Ina ji, Gwaggo. Amma makiyaya huɗu ne, kuma tsare saniya mai ɗan maraƙi a gida ba ƙaramin aiki ba ne."

Ƙwaryar nan da na yi rantsuwa a kanta, wadda saboda ita na dafa tsari kwana uku, na ɗauka da hannuna na miƙa mashi. Bai gitta igiya ba, bai sa rigar soja ba, bai ko yi ƙarya ba. Ya karɓa ya ce Allah ya ƙara arziki, ya hau jakinsa. Jakin da ya ƙi tafiya da rana, sai ga shi yana gudu kamar doki.

Da ganye ɗaya ya bushe sosai, gardin ya ɗora a gwiwa ya rubuta, ya karɓi dala gomansa, ya miƙo mini tiken. Ya tattara sauran ya lissafa, ya ɗauki hularsa a ƙaya ya shinshina, ya ce ta fi da ƙamshi. Ya ɗage sanda. Muna wucewa ya ce, "Inna, in kun dawo ta nan, ruwan rijiya ya ishe ni." Ɗan Ladi ya yi dariya har mota ta kauce hanya. Na ce in ya sake buɗe baki zan gaya wa uwarsa ya yi kuka gaban mata.

Muka isa rana ta yi ja tana taɓa kan tudu. Tun daga nesa muke jin gari ya ruɗe. Shanu na kuka a bakin rijiya, maruƙa na amsawa daga gida, makiyaya na ta kora da sanduna, tsofaffi sun fito ƙofar gida suna tambayar ko lafiya. Na kama hannun Barira, na ce bismilla, na sa ƙafarta ta dama a ɗakinta. Sannan aka saki garke. Ƙwaryar nono ta farko ta zo da kumfarta, ta sha, uwar miji ta sa albarka. Ta wannan gefen na cika alkawari.

Sai dai duk garin sun ji kukan shanu, kuma kowa na son ya san dalili. Tanko kuwa ga goro a hannu yana rabawa, kowane ƙwaya da labarinta. Kafin a yi isha har yadda na ɗaga ƙafa ya nuna masu. Uwar miji, mace mai kunya, ta zo gaishe ni ta kasa, ta toshe baki da mayafi ta fita.

Kwana uku muka dawo Dakoro. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa wa Yaya, in fara da cewa amarya ta riga shanu, sauran in bi da shi a hankali. Na yi sallama a zaure. Yana zaune da baƙi, fatake daga Maraɗi. Ya amsa, ya ɗago ya gan ni. Ashe labari ya riga ni isowa. Ya sa hannu a hankali ya cire hularsa, ya ɗaga cinya, ya zauna a kanta.

Baƙin nan suka bi shi, kowa ya dafe tasa.

Har Allah ya karɓi ransa, shekara ashirin da wani abu, in na shigo zaure sai ya cire hula ya ɓoye. Ko ranar sallah. Ban taɓa yi mashi dariya ba, shi kuma bai taɓa fasawa ba.

Tiken yana nan cikin ƙaramar tasa a ƙasan gadona. Ban iya karanta shi ba, amma in damina ta yi ina jin warinsa. Har gobe ban yarda a ce mota ta biya don ta tsaya ba, ko da yake jikokina sun ce a Maraɗi yanzu ko babur ka jingine sai ka biya, kuma can ba ko barewa. Na daji dai na ga inda kuɗinsa ya tafi, wannan kam na gani da idona, ba zan yi ƙarya ba.

Bayan Barira na kai amare da yawa, don an ce ba taubashin da ke iya tsare ni. Ba su san gaskiyar ba. Tun ranar, duk wanda na gani tsaye bayan sanda a hanya, ko da wandonsa a yage, ko da na san uwarsa, sai in sauko in gaishe shi da ladabi in tambayi nawa ne. Sau biyu Tanko da kansa ya ci goro a hannuna ta haka. Na san shi ne. Na biya.